DARASIN WANNAN FITOWA: JITAR BES, MALLAKARTA, ƊAURA MATA TSIRKIYA DA YI MATA ADO

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga sujada a majami'un garin Bauchi, tun daga Yelwa da Gwallameji har zuwa cikin gari, ya san wata murya mai kauri da ke tasowa daga kusurwar masu kiɗa, wadda ba kunne kaɗai yake jin ta ba, har da ƙirji. Wannan ita ce muryar jitar bes. Sau da yawa jama'a ba su lura da ita sai ranar da ta yi shiru, sa'an nan kowa ya ji waƙa ta zama kamar miyar da ba gishiri. Aikin da babban tulu yake yi a hannun iyayenmu na zumuntar mata, wato riƙe gindin waƙa domin sauran muryoyi su sami wurin tsayawa, shi ne aikin da bes take yi a cikin ƙungiyar makaɗa ta matasa.

Shekarun baya na ziyarci wata ikkilisiya inda matasa suka yi noman ƙodago damina guda cur, suka haɗa da gudummawar dattawa, suka sayi sabuwar bes. Da na koma bayan shekara biyu sai na tarar da ita jingine a bayan ƙofa, wuyanta ya tanƙware kamar baka, tsirkiya ɗaya ta tsinke an maye gurbinta da wayar birkin keke, an kuma shafe jikinta da fentin ƙofa. Ba mugunta ce ta jawo haka ba, rashin sani ne. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, gardama a kan wanda ya lalata ta ta raba kan matasan nan har wasu suka daina zuwa koyon waƙa.

Manufar wannan darasi ita ce mai karatu ya san asalin wannan abin kiɗa da yadda yake aiki, ya san abin dubawa kafin a saya, ya iya ɗaura tsirkiya da hannunsa, ya kuma rarrabe adon da ke ƙara mata kyau da wanda ke kashe ta.

Asalinta

Kayan kiɗa masu tsirkiya ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Muna da goge da kukuma da garaya da molo da gurmi, ga kuma kuntigi, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, ya kai sunansa ƙasashen duniya da tsirkiya ɗaya tak. Amma bes ta lantarki daga Amurka ta fito. Kafin zuwanta, makaɗan Turai da Amurka suna samun murya mai kauri ne daga wani ƙaton goge na katako wanda tsawonsa ya kai na mutum, ana kaɗa shi a tsaye. Yana da wuyar ɗauka, kuma idan ganguna da ƙahoni suka tashi ba a jin sa sosai.

Wajen 1936 wani makaɗi a birnin Siyatil mai suna Paul Tutmarc ya ƙera bes ta lantarki da ake rataya ta kamar jita, amma ba ta sami kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya fitar da wadda ya kira Precision Bass, ita ce kuwa ta bazu a duniya. Ya ba ta wannan suna ne domin ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyanta suna sa makaɗi ya sami muryar da yake nema daidai, ba da laluben yatsa ba. A 1960 kamfaninsa ya ƙara da Jazz Bass mai siririn wuya. Har yau yawancin bes da ake gani a majami'unmu, ko wane suna aka rubuta a kansu, kwaikwayon ɗaya daga cikin waɗannan biyu ne.

A Arewa, ƙungiyoyi irin ta marigayi Bala Miller a Kaduna sun nuna cewa waƙar Hausa tana iya hawa kan jita da bes ba tare da ta rasa ɗanɗanonta ba. A cikin ikkilisiya kuwa, faifan bidiyon Ron Kenoly na 1992, inda Abraham Laboriel ɗan asalin Meziko ya kaɗa bes, ya shiga gidaje da yawa, ya kuma sa matasa da dama sha'awar wannan abin kiɗa. A Jos ma Panam Percy Paul ya kafa makarantar koyon kiɗa. Maƙwabcinmu Richard Bona, wanda aka haifa a Kamaru a 1967, ya fara waƙa a majami'ar ƙauyensu, ya haɗa jitarsa ta fari da wayar birkin keke domin rashin abin saye, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan makaɗan bes na duniya. Wayar birki ta dace da jitar da yaro ya sassaƙa da hannunsa, amma ba ta dace da wadda jama'a suka zuba guminsu suka saya ba.

Sassanta da yadda take aiki

Bes tana da jiki, da wuya, da kai. A kan kai akwai kunnuwa, wato maɗaurai da ake murɗawa domin a ɗaure tsirkiya ko a sassauta ta. A gindin kai akwai ɗan matashi mai tsagi inda tsirkiyoyi suke kwanciya. A ƙasan jiki akwai jaki, kamar dai na goge, sai dai wannan na ƙarfe ne, kuma kowace tsirkiya tana da nata ɗan sirdi da ake matsarwa gaba ko baya. A yawancin bes tsawon tsirkiya daga matashi zuwa jaki inci 34 ne, wato kimanin santimita 86. Akwai gajeru masu inci 30, akwai kuma masu inci 35.

Tsirkiyoyi huɗu ne bisa al'ada: E, A, D da G. Mafi kauri, wato E, tana kaɗawa kimanin sau 41 a daƙiƙa ɗaya, A sau 55, D sau 73, G kuma sau 98. Mai tsirkiya biyar tana da ƙarin B wadda take kaɗawa kimanin sau 31. Abubuwa uku ne ke yanke muryar kowace tsirkiya: tsawonta, nauyinta, da ƙarfin ɗaurinta. Masanin Faransa Marin Mersenne ya bayyana wannan ƙa'ida tun a 1636, amma duk mai garaya ya san ta da hannunsa. Tun da ana son murya mai kauri ba tare da wuya ya yi tsawon gora ba, sai aka ƙara wa tsirkiya nauyi ta wurin naɗa mata wata waya a kan zuciyarta ta ƙarfe.

Jikin bes ba shi da rami irin na ƙwaryar goge, saboda haka ba ta da amo sai da lantarki. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai abin da makaɗa suke kira fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki, shi ne yake bin waya zuwa amfilifaya, ita kuma ta ƙarfafa shi ta miƙa wa lasifika. Wannan ya sa tsirkiyar roba zalla ba za ta yi amo a kan irin wannan fikof ba. Waɗansu bes kuma, tun daga irin su Music Man StingRay ta 1976, suna da ƙaramin batir mai bolt 9 a ciki. Idan aka bar waya a soke cikin irin wannan bes bayan an gama kiɗa, batirin yana ta ci har ya mutu.

Kafin a saya

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma tsada ma ba shaida ba ce. Wanda ya tashi saye, ko a shagunan Bauchi, ko a Jos da ke nesa da mu da kimanin kilomita 130, ko ta hannun masu sarin kaya daga kasuwar Alaba a Legas, ya tafi da wanda ya iya kiɗa, ya kuma duba waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, wuya. A ɗaga bes a hango ta daga kai zuwa jaki kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma wuyan da ya murɗe gefe guda ba ya gyaruwa cikin sauƙi, a bar shi ko da kyauta ne.

Na biyu, sandar ƙarfe da ke ɓoye cikin wuya. A tabbata tana juyawa dama da hagu. Bes ɗin da sandarta ta karye ko ta cije, kwananta ya kusa ƙarewa.

Na uku, a danna kowane gurbi a kan kowace tsirkiya, a saurara ko akwai inda take zuza ko muryar take mutuwa.

Na huɗu, a soka ta a amfilifaya, a murɗa kowane maɓalli, a girgiza bakin waya, a ji ko akwai ƙara ko yankewa.

Na biyar, suna. Kasuwa cike take da bes na jabu da aka manna musu sunan Fender. Gara a sayi ta gaskiya mai sauƙin kuɗi, irin Squier, wadda kamfanin Fender da kansa ya fara fitarwa a 1982, ko Yamaha, ko Ibanez, ko Cort, da a biya kuɗin suna a kan katakon banza. Ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa marar asali.

A kuma tuna cewa bes ita kaɗai rabin saye ce. Murya mai kauri tana bukatar lasifikar da za ta tura iska mai yawa, shi ya sa ake yi wa bes nata amfilifaya da lasifika masu faɗin inci 10, 12 ko 15. Wanda ya soka bes a ƙaramar amfilifayar jita ya ƙure ƙara, zai yaga lasifikar. A cikin kasafi a sa kuɗin akwati ko jaka mai kauri, da waya mai kyau, da maratayi, da saitin tsirkiya guda na ajiya.

Ta wa ce?

Wannan tambaya ta fi duk sauran jawo rigima. Idan ikkilisiya ce ta saya, a rubuta ta cikin littafin kaya tare da lambarta da ranar saye, a ajiye rasit wurin ma'aji, a kuma danƙa ta a hannun mutum ɗaya da sunansa. Kayan kowa da kowa ba su da mai kula. A yi ƙa'ida a rubuce game da aro zuwa biki ko taron wata ikkilisiya: wa ke ba da izini, wa ke ɗauka, wa ke biya idan ta lalace. Idan kuma wani matashi ne yake zuwa da tasa kowane mako, adalci ne ikkilisiya ta ɗauki nauyin tsirkiyoyin da suke ƙarewa a hidimarta, kada kuma wani ya ɗauke ta ba da saninsa ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Zaɓen tsirkiya

Iri biyu ne suka fi shahara. Akwai mai sulɓi, wadda aka naɗe da waya mai faɗi. Ita ce ta fari, muryarta a dunƙule take, kusa da ta tulu, tana da taushi a yatsa, tana kuma daɗewa ƙwarai. James Jamerson, makaɗin kamfanin Motown a Ditiroyit, da irinta ya yi aiki, kuma an san shi da barin ta shekaru ba canji. Akwai kuma mai kaushi, wadda aka naɗe da waya zagayayya. Kamfanin Rotosound na Ingila ne ya shahara da ita tun daga 1966, tare da makaɗi John Entwistle. Muryarta a buɗe take, tana da kaifi, ita ce kuma matasa suka fi so, musamman masu bugun babban yatsa. Aibinta shi ne datti da gumi suna shiga tsakanin naɗinta, sai muryar ta dushe cikin 'yan watanni.

Ga ƙungiyar da kuɗinta kaɗan ne, kuma yawancin waƙoƙinta na jama'a ne masu bukatar gindi mai nauyi, mai sulɓi za ta fi riba ko da ta fi tsada ranar saye. A kan kwali za a ga lambobi kamar 45 zuwa 105, wato kaurin ta fari da ta ƙarshe. Wannan shi ne matsakaici. A duba kuma tsawon da aka rubuta, domin tsirkiyar gajeriyar bes ba za ta kai kan doguwa ba.

Yadda ake ɗaurawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada a canza tsirkiya da safiyar Lahadi, domin sabuwa tana bukatar kwana ɗaya ko biyu kafin ta zauna. A tanadi filaya mai yanka, da tsumma mai laushi, da na'urar saita murya, wadda yanzu ake samu a wayar hannu. A shimfiɗa bargo a kan tebur, a tallafi wuya da matashi.

1. A canza ɗaya bayan ɗaya. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 ko fiye, saboda haka ya fi kyau kada a sauke masa wannan kaya gaba ɗaya a bar shi haka na tsawon lokaci.

2. A sassauta tsohuwar sarai kafin a cire ta. Kada a yanke tsirkiya tana ɗaure, gama tana iya tsalle ta sami ido.

3. A goge wurin da ta tashi, sa'an nan a zura sabuwar ta ramin jaki har ƙullin gindinta ya zauna. A ja ta a hankali kada ta karce fenti.

4. A miƙe ta bisa sirdi da tsagin matashi har ta wuce kunnenta da kimanin santimita 8 zuwa 10. A nan za a lanƙwasa ta sosai da filaya, sa'an nan a yanke ɗan gaba da lanƙwasar. Lanƙwasawa kafin yanka tana hana naɗin waje sulluɓewa daga zuciya. A auna sau biyu kafin a yanka, domin wadda aka gajarta ba ta da magani.

5. A soka bakin cikin ramin da ke tsakiyar kunne, a kwantar da ita cikin tsagi, a riƙa murɗa maɗauri. Kada a naɗa ta da hannu kewaye da kunne, domin hakan yana murɗe tsirkiya ya kashe muryarta.

6. Kowane zagaye ya sauka ƙarƙashin na bayansa, kada su hau juna. Zagaye biyu ko uku sun isa. Saukowa ƙasa yana sa tsirkiya ta danne matashi da kyau, ba za ta yi zuza ba.

7. A ɗaure ta har ta kai muryarta, a danna ta da babban yatsa daidai gaban sirdi domin ta kwanta, a ja ta sama kaɗan a tsakiya, a sake saitawa. A maimaita har ta daina sauka. Kullum a hau zuwa murya daga ƙasa. Idan an zarce, a sassauta a sake hawa.

Bayan an gama duka, sauran gwaji ɗaya. A kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan a danna ta a gurbi na 12. Dole muryar ta zama iri ɗaya, sai dai ta biyun tana sama da hawa takwas, kamar daga “do” zuwa “do” na sama. Idan ta zarce, a ja sirdi baya domin tsirkiya ta ƙara tsawo. Idan ta gaza, a matso da shi gaba. Rashin yin wannan ne yake sa a ji bes daidai take a farkon wuya, amma tana faɗa da mai molon lantarki idan an hau sama.

Waɗansu sukan tafasa tsohuwar tsirkiya mai kaushi cikin ruwa na minti 10 zuwa 15 domin a fitar da datti. Dabara ce da ke dawo da murya na ɗan lokaci, amma sai an busar da ita sarai domin tsatsa, kuma ba a maimaita ta da yawa. Abin da ya fi wannan shi ne wanke hannu kafin kiɗa, da goge tsirkiya da busasshen tsumma bayan an gama.

Hunturu da damina

Katako yana numfashi ko bayan an sare shi. Masu ƙera kayan kiɗa suna so danshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Bauchi kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan saukar da danshi ƙasa da kashi 20, a Agusta kuma ya hau ƙwarai. A hunturu katakon wuya yana ƙanƙancewa, bakin ƙarafan da aka gitta ya fito yana karce hannu, wuya ya ƙara lanƙwasa gaba, tsirkiya ta yi nisa da shi. Da damina sai ya kumbura ya koma baya, tsirkiya ta riƙa zuza.

Domin wannan aka sa sandar ƙarfe a ciki. A danna tsirkiya E a gurbin fari da na ƙarshe lokaci ɗaya, a duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 7 ko na 8. Ya kamata ta zama kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita, wato ƙasa da rabin kaurin katin banki. Idan ta fi haka, a ɗaure sandar zuwa dama. Idan babu tazara ko kaɗan, a sassauta zuwa hagu. Kada a wuce rubu'in zagaye a lokaci ɗaya, a bar ta ta kwana kafin a ƙara. Idan ta cije, a tsaya nan a nemi gwani, gama ƙarfi ba ya gyara ta, karya ta yake yi.

A ajiye bes cikin akwatinta, nesa da taga da zafin kwanon rufi, kada kuma a bar ta cikin but ɗin mota a watan Afrilu. Wuyan da fuskarsa baƙin katako ne marar fenti yana son ɗigon man da aka yi domin wannan aiki sau ɗaya ko biyu a shekara. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin suna tsami su kama ƙura.

Gargaɗi game da lantarki

Tsirkiyoyin bes suna haɗe da wayar ƙasa ta amfilifaya ta hanyar jaki. Idan aka cire ƙafa ta uku ta filogi, ko aka tura tsirarun wayoyi cikin soket da tsinken ashana, jikin makaɗi yana iya zama hanyar da wuta za ta bi. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Suwansi ta Birtaniya sa'ad da ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa daidai ba. Duk ranar da makaɗi ya ji makirfo yana cizon leɓensa, a kashe kaya a kira mai gyaran wuta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka a karanta bayan kowace amfilifayar da aka aiko daga waje kafin a soka ta. A tashi janareta ya daidaita tukuna kafin a kunna kaya, a kuma bi da su ta sitabilaiza.

Yi mata ado

Son ado ba laifi ba ne. Mai goge ma yakan yi wa ƙwaryarsa zane. Kamfanin Fender da kansa, a shekarun 1950 da 1960, fentin motoci na kamfanin DuPont ya riƙa shafa wa jitocin masu son launi na musamman, yana ƙara musu kashi 5 cikin ɗari na kuɗi. Ƙa'idar ita ce a fara da adon da za a iya warwarewa.

Mafi sauƙi shi ne maratayi. Dukawanmu da ke aikin fata a kasuwanni irin su Wunti za su iya ɗinka mai faɗin santimita 7 zuwa 10, da zane irin namu, ko a lulluɓe shi da saƙi. Ban da kyau, faɗinsa yana raba nauyin bes, wanda yakan kai kilo 4, a kan kafaɗa. Na biyu shi ne farantin roba da ke fuskarta. Ana kwance shi da sukudireba a sa wani launi, ko a yanka roba mai haske a shimfiɗa ƙyallen atamfa ko anko na ƙungiya a ƙarƙashinta. A ajiye na asali da kusoshinsa. Idan an buɗe wurin, dama ce ta shimfiɗa takardar tagulla ko ta alminiyom a cikin ramin wayoyi a haɗa ta da wayar ƙasa, domin tana rage gurnanin da bes take kwasowa daga fitilu da wayoyin gini. Ana iya canza kawunan maɓallai ma ba tare da wata ɓarna ba.

Sitika tana da sauƙin mannawa, amma bayan shekaru takan bar inuwarta a kan fenti. Ƙananan fitilu masu walƙiya da wasu suke liƙawa sukan jawo ƙara cikin fikof.

Sabon fenti kuwa babban aiki ne. Sai an cire wuya da jaki da fikof da dukan wayoyi, a rufe gurbin da wuya yake zama domin kada fenti ya canza zamansa, a goge da samfefa, a kai wa mai fentin mota ya fesa shafi marar kauri sau da dama, a kuma bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da kaya. Lokacin ƙurar hunturu da tsakiyar damina duka ba su dace da wannan aiki ba. Kada garin ƙarfe ya kusanci fikof, domin maganaɗisu zai kama shi. Kada a shafe lambar kamfani, ita ce shaida ranar da aka yi sata. Idan kuma tsohuwar bes ce ta asali, sabon fenti yana rage darajarta ƙwarai.

Wasu matasa sukan ji labarin Jaco Pastorius, wanda ya cire ƙarafan wuyan bes ɗinsa ya shafe wurin da gam mai tauri irin na jiragen ruwa, su ce za su gwada. A tuna cewa tasa ce, kuma kunnensa ya riga ya ƙware. Abin da mutum zai yi da kayansa dabam ne da abin da zai yi da na jama'a. Bes ta ikkilisiya ba a huda ta, ba a fente ta, ba a rubuta sunan makaɗi a kanta sai da yardar waɗanda suka saya. Manna sunan babban kamfani a kan bes marar suna kuwa ba ado ba ne, ƙarya ce, kuma ranar da aka sayar da ita ta zama zamba.

Kammalawa

Bes da aka kula da ita tana iya yin shekara 30 ko fiye tana aiki, ta ga makaɗa tsara biyu. Wadda aka yi wa sakaci kuwa hunturu biyu sun ishe ta. Bambancin ba yawan kuɗi ba ne. Tsumma ne, da akwati, da littafin kaya, da mutum ɗaya mai riƙon amana wanda ya yarda ya koya wa na bayansa. Waccan ikkilisiya da na ambata da fari ta sake tara kuɗi ta sayi wata, amma an ɗauki shekaru kafin matasan da suka yi fushi su dawo. Katako yana sayuwa a kasuwa, zumunci kuwa ba ya sayuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa biyar ne za a duba kafin a sayi bes, kuma wanne ne a cikinsu ba ya gyaruwa cikin sauƙi?

2. Me ya sa ake lanƙwasa tsirkiya kafin a yanke ta, kuma me ya sa naɗinta yake sauka ƙasa?

3. A ƙungiyarku, sunan wa aka rubuta a matsayin mai kula da kayan kiɗa? Idan babu, wa zai kai maganar gaban dattawa a wannan wata?

4. Idan makaɗi yana hidima da bes tasa ta kansa, mene ne hakkinsa a kan jama'a, mene ne kuma hakkin jama'a a kansa?

5. Yaushe ne rabon da mai gyaran wuta ya duba soket da wayoyin da makaɗanku suke aiki da su?